Gyaran da Ya Kai Ni Garin Surukai

Talata 1 ga Yuli, da hantsi

Madam Mas'uda, sajfam, wato ungozomar gidan likitan Rijiyar Dikko, ta kira ni tun ban karya ba. Sai da ta hau tudun bayan masallaci kafin salularta ta kama, ina jin iska na kwashe rabin maganarta. Ta ce ordinatar ɗinta, kwamfutar gidan likitan, ya ƙi aika hotunan eko, na cikin masu juna biyu. Sai ya ɗauko aikawa, ya kai rabi, ya saki. An kwana biyu lokotoron Dungas, babbar likitarmu, ba ta ga hoto ko ɗaya daga wajenta ba. Aikina ne, ni ke duba ordinatocin gidajen likita daga nan Dungas har ƙauyukan Guci, don haka na ce gobe ina tafe.

Yaya Nazifa na tsakar gida tana tankaɗe, kunnenta na wajena. Ta ce ikon Allah, duk ordinatocin ƙasar nan babu wanda ya tashi ciwo sai na garin surukaina. Na ce to ni na sa masa hannu? Ta ce ita ba ta ce ba, ta dai ga na fito da rigar Juma'a ranar Talata.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye wa takarda ba. Tun da aka zo aka tafi da matata Barakatu gidansu goyon ciki ban sa ta a ido ba. Haka al'ada take, kuma bayan abin da ya faru bara ba ni da bakin cewa a bar mini ita. Amma namiji ba ya tashi haka kawai ya je ya tsaya ƙofar surukansa a irin wannan lokaci, sai a ce idonsa ya bushe. Yanzu ga aiki zai kai ni.

Laraba 2 ga Yuli, bayan magariba

Hanya lafiya lau. Gero ya rufe ƙasa, mutane duk suna gona, kwarin da ke gab da garin har yanzu yashi ne, na tura moto, babur ɗina, na wuce.

Garin ba shi da rezon kirki, wato sabis, shi ya sa aka kafa anten, eriya, bisa dogon ƙarfe, waya ta sauko daga can ta shiga ordinatar. Kart-rezon asali, abin da ke haɗa ordinatar da anten, tsawa ta ƙone shi, sai na sa wani ɗan ƙarami da na sayo a Kano, bai wuce ɗan yatsa ba, ko sunan masu ƙera shi babu a jiki. Irinsa na sa a gidajen likita da yawa don shi ake samu. Na zauna na gwada da kaina: aikawa na tafiya, sai ƴar fitilar kart ɗin ta mutu, ta sake kamawa, aiki ya koma farko. Waya ƙalau take, batir a cike. Zargina ya koma kan pilot, wato rubutun da ke koya wa ordinatar yadda zai yi magana da kart. Sa'ar da na yi, pilot ɗin buɗaɗɗe ne, na kowa da kowa, duk mai iyawa yana iya buɗe cikinsa ya karanta ya gyara.

Da la'asar na je gaida surukina Baba Laminu. Na tuɓe takalmi tun daga bakin darni, na durƙusa. Muka yi ruwa, muka yi gero, muka yi tsutsar da ta faɗa wa wake. Na tambayi mutanen gida a dunƙule, ya amsa a dunƙule. Inna, uwar Barakatu, ta amsa gaisuwata daga bayan zana da kalma ɗaya, kamar yadda take yi tun bara.

Ina komawa gidan likita sai ga kwanon fura an aiko wa baƙo. Kurɓa ɗaya na yi citta ta hau mini kai. Mutum ɗaya na sani a duniya mai zuba citta haka, kuma na sha faɗa da ita a kai. Yau ko ɗigo ban bari ba.

Juma'a 4 ga Yuli, da yamma

Na gano shi. A cikin pilot ɗin akwai wani ɗan agogo, ni mai gadi nake ce masa. Duk daƙiƙa biyar yakan leƙa kart. In ya tarar kayan da aka ba shi bai fitar ba, sai ya yanke cewa kart ya suma, ya kashe shi ya kunna. Abin da ke kashe fitilar ke nan.

Na yi tunani, tun da kart ɗin mai yawan suma ne, gara a riƙa farfaɗo da shi da wuri kafin aikawa ta yanke. Na rage biyar ɗin ta koma biyu. Layi ɗaya tak na taɓa, na ji ni wani ne. Gobe zan kai.

Yaya ta ce ba ta taɓa ganin gyaran da ake sa wa turare ba.

Asabar 5 ga Yuli, bayan la'asar

Na kai, na sa, na gaida Baba, an aiko fura. Hadari ya taso ya watse.

Litinin 7 ga Yuli, da azahar

Madam ta kira daga kan tudu, ko gaisuwa babu. Ta ce da can yana kai rabi, yanzu ko kwata ba ya yi, fitilar sai ƙyafta ido take. Ta ce Hudaifa, gyara ka zo yi ko kashewa? Sannan ta sassauta murya ta ce yau ne aka ɗauki hoton Barakatu, kuma tana son lokotoro ta gani.

Ban tambaye ta dalili ba. Ita ma ba ta faɗa ba.

Litinin, bayan isha'i

Na ture kwanon tuwo ban ci ba.

Talata 8 ga Yuli, da yamma

Tun da asuba na kama hanya. Na mayar da agogon biyar yadda na same shi, na kwashe hotunan duka a kile, ƴar ma'ajiyar nan da ake soka wa ordinatar, na sa a aljihun gaba. Daga Rijiyar Dikko har Dungas hannuna ɗaya na kan aljihun nan, saura kaɗan in shiga cikin garken wani Bafillace, ya bi ni da kallo. Ina da ordinatar a jaka, da na so da na tsaya gindin gawo na buɗe. Ban buɗe ba. Ba kunya kaɗai ba ce.

Lokotoro Saliha ƴar birni ce, ba ta san kewaye-kewaye ba. Ta duba na sauran matan, ta zo kan namu ta daɗe, sannan ta juyo ta kira abin da sunansa a gabana, har na rasa inda zan sa idona. Abin da zan iya rubutawa shi ne, kwanciyar ɗan cikin a gicciye take. Ta ce sau da yawa yakan juya da kansa, akwai sauran lokaci kaɗan. A sake ɗauka ranar Alhamis ta sati mai zuwa. In ya juya, Madam ta isa. In bai juya ba, a kawo ta Dungas ba tare da jira ba, don irin wannan ba a ƙauye ake yinsa ba.

Na ce in kwari ya cika fa? Ta ce ai shi ya sa take son hoton ya zo ta waya, ba ta aljihuna ba.

Laraba 9 ga Yuli, bayan magariba

Na tura Yaya ta yi wa Inna magana, ko za a kawo Barakatu nan tun yanzu hankali ya kwanta. Ta dawo ta zauna ta sha ruwa kafin ta ce komai, na san amsar ke nan. Inna ta ce bara ma ai a birni aka yi, kusa da lokotoro, me aka gani? Bana a gaban idonta za a yi. Baba Laminu da ke zaune bai sa baki ba sai da aka gama, ya ce ranar da lokotoro ta ga hoto ta ce a kawo, shi da kansa zai ɗaura shanu a amalanke, ko da ta zagayen Guci ne, ko Inna ta so ko ta ƙi. In ba ta ce ba, yarinya tana ɗakin uwarta.

Raina ya ɓaci, har na tashi na zagaya gida na dawo. Amma me zan ce wa matar da ta ga abin da ta gani? Ni ma na gani.

To, magana ta koma kan hoton Alhamis. Hoton kuma yana hannun wani abu da bai kai ɗan yatsa ba.

Alhamis 10 ga Yuli, da hantsi

Ashe kart ɗin ba suma yake yi ba, biyayya yake yi. Na ɗauko irinsa a biro, wato ofishinmu, na haɗa da wani anten na zuba ido. In hanya ta cushe, ko hadari ya taru, anten yakan ce masa dakata, shi kuwa ya dakata da kayansa a hannu. Sai mai gadi ya leƙo ya ga bai fitar ba, ya buge shi. Kamar mai jiran layi a bakin rijiya ne, a zo a fizge gugarsa a ce barci yake. Ni kuma da wayona na zo na ce a riƙa fizgewa da sauri.

Waɗanda suka rubuta biyar ɗin nan ba su yi laifi ba. A garuruwansu ba a jiran daƙiƙa biyar. Na mayar da shi talatin.

Na yi dariya ni kaɗai har masinja ya leƙo.

Asabar 12 ga Yuli, da yamma

Ya wuce. Hotunan mata biyu suka tafi daga farko har ƙarshe, a hankali dai, amma fitila ba ta ƙyafta ba. Madam ta ce yau ta yarda na je lakwal na yi boko.

Ina naɗe waya sai ta ce in dakata, akwai mai zuwa awo, kada in tashi in tsorata ta. Na ɗaga kai, sai ga Barakatu a bakin ƙofa, da mayafin nan ruwan ƙasa. Madam ta tuna wani abu da ta bari a wuta ta fita, alhali a gidan likitan babu murhu.

Muka gaisa kamar baƙi. Ta zauna a benci da ƙyar, hannu ɗaya a baya. Ƙafafunta sun kumbura, takalmin Inna ne a ƙafarta. Ita ta fara magana.

"An ce ordinatar ɗin nan ya fi kowa jinya a garin nan."

Na ce yana samun sauƙi. Ta ce Allah ya sa kada ya warke da wuri. Ta ce na rame, ko Yaya ta daina sa mai a miya ne? Na ce citta ce ta yi mini yawa. Ta rufe baki da mayafi tana dariya, duk jikinta na girgiza, har na ji tsoro na ce ta bari. Da za ta tashi ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, yana motsi sosai, musamman in ta sha ruwan sanyi. Na ce to.

Duk hanyar dawowa waƙa nake yi, ni da ban iya ba.

Lahadi 13 ga Yuli, bayan azahar

Na aika gyaran ga masu pilot. Dole ne, don in na bar shi a ordinatar ɗaya, ranar da aka sabunta sai ya goge, ga kuma sauran ƙauyukan da na sa wa irin kart ɗin. Mai riƙon pilot ɗin wani dattijo ne a wata ƙasar sanyi, ban taɓa ganin ko hotonsa ba. Babu abin da ke shiga sai da yardarsa, shi ya sa na raɗa masa Mai Unguwa. Na rubuta da Faransanci, na juya da na'ura zuwa Ingilishi, na karanta har na gaji, na tura.

Talata 15 ga Yuli, da safe

Mai Unguwa ya amsa da layi biyu. Ya ce talatin daga ina? Me ya sa ba ashirin ba, ko sittin? Wani kuma mai kula da manyan injuna ya shigo ya ce in sayi kart na kirki in bar mutane su huta. Na rubuta masa amsa mai zafi, na gayyace shi ya zo Rijiyar Dikko da kart ɗinsa na kirki mu ga ko tsawa ta san tsada. Na karanta wa Yaya, ta ce ya yi kyau, yanzu goge. Na goge.

Talata, bayan la'asar

Haushin da ya fi, dattijon yana da gaskiya. Madam ta kira ta ce ya sake yankewa sau ɗaya, daidai lokacin da firjin allurai ya tashi. Na gane. In firji ya ja kuran, wato wutar lantarki, kart ɗin yakan suma da gaske, kuma yanzu mai gadi na zaune yana ƙirga talatin, kafin ya zo aikawa ta mutu. Biyar ta yi kaɗan ga mai jira, talatin ta yi yawa ga wanda ya faɗi. Jibi Alhamis.

Na rubuta wa Mai Unguwa duk yadda abin yake, anten da firji da hadari. Ban sa ran amsa yau ba, sai ga ta kafin magariba, doguwa wannan karon. Ya ce in daina neman lamba mai kyau, babu ita. In bar mai gadi a biyar ɗinsa, amma in canza tambayar da yake yi. Kada ya tambaya ko kaya sun fita duka. Ya duba ko wani abu ya gusa tun leƙawar baya, ko da ƙwaya ɗaya ce ta fita, ko da dakata ɗaya ce ta shigo daga anten. In akwai motsi, a ƙyale shi, da ransa. In babu ko kaɗan, a tashe shi nan take. A ƙarshe ya tambaya wane irin hoto ne muke aikawa da ba ya jira. Na ce na gidan likita ne.

Na daɗe ina kallon wasiƙar kafin na fara aiki.

Laraba 16 ga Yuli, da magariba

Na kai, na sa. Na sa Madam ta kashe firji ta kunna muna tsakiyar aikawa, fitila ta mutu ta dawo, aiki ya ci gaba daga inda ya tsaya. Muka sake, haka. Ban tsaya fura ba, gabas ta yi baƙi ƙirin. Ina hawowa daga kwari ɗigon farko ya same ni.

Alhamis 17 ga Yuli, da asuba

Kwana aka yi ana ruwa. Ƴan kabu-kabu sun ce kwari ya kawo, ko raƙumi sai ya yi shawara.

Alhamis, bayan la'asar

Ya juya.

Juma'a 18 ga Yuli, da hantsi

Jiya ban iya rubuta fiye da haka ba.

Tun azahar na je na zauna a biron lokotoro Saliha, na ce na zo duba waya ne. Ta ce in duba a kan kujerar can. Hoton ya fara shigowa, wani ɗan zare shuɗi yana tafiya a ekaran, fuskar ordinatar. Ya yi kwata, ya tsaya. Ya gusa. Ya wuce rabi, inda ya saba mutuwa, ya tsaya cak, ga hadari ya sake haɗuwa ta wajen Guci. Na ƙirga biyar a zuci, na ƙirga wata biyar, na daina ƙirgawa na koma salati. Lokotoro ta ce in na ci gaba da kaɗa ƙafa zan karya mata tebur. Can sai ya gusa kamar faɗin farce, ya sake tsayawa, ya sake gusawa. Haka ya yi ta rarrafe har aka kira la'asar, bai saki ba.

Ta buɗe, ni kuma na juya ina karanta takardar rigakafin da ke bango. Ta ce kai na ƙasa, komai daidai, a gaya wa tsoho ya bar shanunsa su yi kiwo. Na ce madalla, kamar labarin wani ake ba ni. Sai da na fita na zagaya bayan ɗakin janareto sannan na zauna a ƙasa, rigar Juma'ar ma ban tuna da ita ba.

Yau na ci ɗumame kwano biyu. Yaya ta ce a kai ni eko ni ma.

Lahadi 20 ga Yuli, da yamma

Na yini a gona ina maimai. Gyaɗa ta yi kyau, geron tudu ya fi na gangare. Bayana na ciwo, raina fes.

Laraba 23 ga Yuli, da azahar

Mai Unguwa ya mayar mini da gyaran sau biyu. Na farko wai bayanin ya yi tsawo, na biyu wai na bar fili a ƙarshen layi. Fili! Abin da ido ba ya gani. Da a garinmu yake da tuni yara sun sa masa waƙa. Yau dai ya karɓa, ya ce na gode, wannan zai amfani wasu. Mutumin kart na kirki bai sake cewa uffan ba.

Akwai layin da ake sa sunan wanda ya gwada gyara. Na kira Madam na ce zan sa nata. Ta tambaya ko hakan zai sa a mayar da ita Damagaram. Na ce a'a. Ta ce ko za a ƙara mata firji? Na ce a'a, sunanta dai zai zauna a cikin pilot ɗin, duk inda aka sa irin kart ɗin nan a duniya. Sai ta ce in rubuta shi daidai, Mas'uda, kada in bar wa Turawa su ci rabinsa.

Juma'a 25 ga Yuli, bayan magariba

Ordinatar ya warke sarai, ni kuma ba ni da abin da zai kai ni. Daga biro ina iya ganin ko yana kan rezo, wani ɗigo kore ne kusa da sunan garin. Ina dubawa da safe, ina dubawa da rana, in zan tashi in sake dubawa. Kore. Ban taɓa jin haushin aikina mai kyau ba sai yanzu.

Yaya ta ce in je da dare in zare waya mana. Na ce Allah ya kiyaye. Ta ce to in daina zagaya tsakar gida, kaji sun kasa kiwo.

Asabar 26 ga Yuli, da hantsi

Ina neman turnabis na kwance kusa a saman kabad hannuna ya taɓa ƙullin nan na bara, ƴan kayan jariri da Barakatu ta ɗinka ba a sa ba. Ban san nan ta ɓoye shi ba. Na mayar yadda yake.

Ina tsoro. Na rubuta, ko zai ragu.

Litinin 28 ga Yuli, da yamma

Kore. An yi ruwa. Babu labari, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Talata 29 ga Yuli, bayan magariba, a gidan likitan Rijiyar Dikko

Da hantsi Madam ta kira daga kan tudu tana haki. Ta ce ordinatar ya lalace, in zo yanzu, ta kashe. Na dubi ekaran, ɗigon kore ne shar. Na fara cewa a raina ai ga shi yana, sai na tsaya. Ban san lokacin da na hau moto ba.

Kwari na nan da ruwansa. Na bar moto wajen wani mai gona, na ɗora jaka a ka na shiga, ruwa har ƙirji, takalmi ɗaya ya tafi. Haka na shiga gari, ƙafa ɗaya da takalmi. A barandar gidan likita na ga Inna zaune da carbi, da wasu tsofaffi biyu. Na durƙusa daga nesa, ta kawar da kai. Madam ta leƙo daga ɗakin ciki, safar hannu har gwiwar hannu, ta nuna mini ɗakin ordinatar ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Yauwa, mai gyara ya zo. Shiga ka zauna, kada ka tashi sai na ce ya gyaru."

Fitilar kart tana ci lafiya lau. Na zauna na rasa abin taɓawa, sai na jawo kilabiye, allon rubutun ordinatar, na fara cire maɓallansa ɗaya-ɗaya ina goge ƙura da bakin riga. Bango ɗaya ne tsakanina da su. Barakatu ba ta yi ƙara ba, ƴar gidan Inna ce, sai dai numfashi, da muryar Madam tana cewa haka, haka, ƙara. Aka yi azahar na yi salla a wurin. Na cire maɓallan duka, na jera a tebur, na goge na sake gogewa.

Can sai komai ya ɗauke. Na san wannan shirun, bara na ji shi. Maɓalli na hannuna na ƙirga biyar. Na fara wata biyar.

Ban kai ƙarshenta ba.

Ashe abu ɗan ƙarami haka yana da murya. Tsofaffin baranda suka ɗauki guɗa. Madam ta shigo tana wanke hannu a bokiti, ta ce mace ce, su biyun lafiya. Ta dubi teburinta ta ga abin da na yi wa kilabiye. Ni dai na ce to, madalla, na sunkuyar da kai ina neman inda harafin A yake zama, ban gan shi ba don idona ya cika.

Bayan la'asar Baba Laminu ya zo. Bai shiga ciki ba, ya tsaya a ƙofar ɗakin da nake, na zame daga kujera na durƙusa. Ya dubi ƙafata, ya dubi maɓallan, ya tambaya ya na'urar. Na ce da sauƙi, Baba.

"To, ni dai na ji an ce irin wannan gyara ba a yi masa gaggawa. Ga kwari ya cika. An share maka ɗaki a gidan Maigari, ka zauna ka yi aikinka a hankali, ko zuwa kwana bakwai ne."

Na ce to, Baba, da ma akwai sauran aiki.

Yanzun nan aka aiko kwanon fura. Na kurɓa, babu citta ko ta magani, nono ya yi yawa, an dama da kauri irin na tsofaffi. Na tambayi Madam wa ya dama. Ta ce Inna, da hannunta, kuma ta ce a gaya wa mai gyara ya shanye kada ya bar mata saura.